Hatsarin jirgin alhazai mai lamba 2120 a Jidda

Hatsarin jirgi mai lamba 2120 ya auku ne da safiyar Alhamis, 11 ga Yulin 1991, jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a ƙasar Saudiyya. Jirgin ya ɗauko alhazan Najeriya da suka sauke farali a hajjin shekarar 1411, zai kai su Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, fasinjoji 247 da ma'aikata 14, kuma babu wanda ya tsira. Har yau ba a yi hatsarin da ya ci rayuka kamarsa da jirgi ƙirar DC-8 ba, haka nan shi ne mafi muni da ya taɓa samun wani kamfanin jiragen sama na ƙasar Kanada.

Jirgin da masu shi

Jirgin ƙirar Douglas DC-8-61 ne mai inji huɗu, an ƙera shi a 1968. Mallakar kamfanin Nationair ne na Kanada, wanda ya bayar da hayarsa tare da matuƙa da makanikai don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. Irin wannan haya ba baƙon abu ba ce a lokacin hajji, domin dubban mutane ne ke son komawa gida cikin 'yan makonni, jiragen gida kuwa ba sa isa. Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin alhazai na Jidda, ya ga tsofaffi zaune kan jakunkuna da jarkokin zamzam suna jiran a kira jirgin jiharsu, ya san irin matsin da masu jigila ke ciki. Wannan matsi yana cikin labarin hatsarin tun daga tushe.

Yadda abin ya faru

Jirgin ya bar wurin lodi ya yi doguwar tafiya a ƙasa zuwa bakin titin tashi, da cikakken kaya, ga kuma zafin Jidda na watan Yuli. Tayoyi biyu daga cikin na manyan ƙafafunsa, ta 2 da ta 4, ba su da isasshiyar iska. Ta 1 da ta 2 a gatari ɗaya suke a ƙafar hagu, saboda haka nauyin da ta 2 ta kasa ɗauka sai ya koma kan 'yar'uwarta. Da jirgin ya fara gudu, ta 1 ta yi zafi ta fashe, ta 2 ta bi bayanta nan take. Ɗaya daga cikin ƙafafun ta daina juyawa, ƙarfenta ya riƙa gogar kwalta har ragowar robar ta kama da wuta.

Matuƙan sun ji ƙara da girgiza, har suka yi zancen ko taya ce ta yi faci, amma suka ci gaba. Horon da kamfanin ya ba su bai sa fashewar taya cikin dalilan fasa tashi ba. Da jirgin ya ɗaga sai suka naɗe ƙafafun kamar yadda aka saba, ba su san wuta suka shigar cikin cikin jirgin ba, domin babu na'urar gano wuta a ramin da ƙafafun ke shiga. A wannan ramin kuwa akwai wayoyin lantarki da bututun man da ke motsa sassan sarrafa jirgi, kuma yana dab da tankin mai na tsakiya. Cikin 'yan mintuna na'urar daidaita iskar ciki ta daina aiki, man sarrafawa ya tsiyaye, wata ma'aikaciya ta shigo ɗakin matuƙa ta ce hayaƙi ya turnuƙe baya.

An kuma samu ruɗani da hasumiyar filin. Kyaftin ɗin ya kira jirgin da sunan Nationair maimakon sunan Najeriya da aka san shi da shi a jadawali, shi kuma jami'in hasumiya ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne da ke sama a lokacin yake magana. An ɗan jima kafin a gane wanda ke cikin haɗari, ko da yake masu bincike ba su ɗauki wannan a matsayin abin da ya kayar da jirgin ba.

Matuƙan sun juyo suna neman sauka. Wuta ta riga ta cinye daɓen da kujerun fasinjoji ke kai, har an tsinci gawarwaki a kan hanyar da jirgin ya biyo, tun kimanin kilomita 18 daga filin. Ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya kai titin sauka, kimanin minti 10 da tashinsa.

Bincike

A ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, ƙasar da hatsari ya auku a cikinta ita ke jagorantar bincike, ƙasar da jirgin ke da rajista da wadda ta ƙera shi su turo wakilai. Don haka hukumomin Saudiyya suka riƙe ragama, masu bincike daga Kanada da Amurka suka taya su. Manufar irin wannan bincike ita ce gano sababi don kada a maimaita. Hukunci aikin kotu ne.

Shaidar farko a kan titin tashi aka same ta: guntayen roba da sawun ƙarfe a jikin kwalta, waɗanda suka nuna inda kowace taya ta fashe. Na'urar naɗar murya da ta naɗar bayanan tafiya, waɗanda ake kira baƙin akwati ko da yake ruwan lemo ne launinsu, suka bayar da abin da ya gudana a ɗakin matuƙa. Amma abin da ya fi tayar da hankali a takardun gyara aka gano shi.

Tun kwana huɗu kafin hatsarin, makanikai sun auna tayoyin a Akara, babban birnin Gana, suka ga iskar ta gaza ƙa'ida. Ba a ƙara ba, kuma aka sauya lambobin da ke rubuce a takardar dubawa don su yi daidai da abin da ake buƙata. An shirya canza tayoyin a Akara, sai saƙon faks ya zo daga manajan da ke kula da aikin jigilar cewa an makara, a hanzarta. Aka mayar da kayan aiki, jirgi ya tashi. A safiyar hatsarin ma, babban makaniki ya nemi iskar naitirojin, wadda ita ake ɗura wa tayoyin manyan jirage saboda ba ta taimakon wuta, amma ba a same ta a kusa ba, nemanta kuwa zai jawo jinkiri. Manajan ya ƙi a jira. Babu alamar an sanar da matuƙan halin da tayoyin ke ciki. Shi manajan da babban makanikin duk suna cikin jirgin, kuma sun rasu tare da alhazan.

Wannan shi ne abin da ke da ciwo a labarin: matsalar sananniya ce, an auna ta, an rubuta ta, maganinta kuma bai wuce tulun iska da jinkirin ɗan lokaci ba. Musulmi ya yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma hakan bai ɗauke wa kowa nauyin amanar da aka damƙa masa ba. Rahoton ya nuna an sallami jirgin alhali bai cancanci tashi ba, kuma waɗanda suka yanke shawarar ba su fahimci irin haɗarin da ƙarancin iska ke jawo wa tayar jirgi ba, domin ido ba ya gane shi, sai an sa ma'auni.

Abin da ya biyo baya

Masu binciken sun ba da shawarar a sa na'urorin gano zafi da wuta a ramin ƙafafun jirage, a koya wa matuƙa yadda za su yi idan taya ta fashe yayin tashi, har da barin ƙafafu a waje idan ana zargin wuta, a kuma tsaurara sa ido kan kamfanonin da ke aiki nesa da ƙasarsu. Kamfanin Nationair bai daɗe ba bayan haka, ya durƙushe a 1993.

Ga alhazan Najeriya, wannan shi ne babban rashi na biyu a hanyar dawowa daga Jidda. Na farko shi ne na 22 ga Janairun 1973, lokacin da jirgi ƙirar Boeing 707 da aka ɗauko haya daga Jodan ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu.