Mece ce "cikakkiyar kulawa" ga wadda aka yi wa fyaɗe?

A ƴan shekarun nan, ma'aikatan lafiya da masu aikin kare mata da yara a jihar Maradi suna yawan ambaton "cikakkiyar kulawa" idan ana zancen waɗanda aka yi wa fyaɗe ko wani cin zarafi na lalata. Abin da suke nufi shi ne taimako wanda ya haɗa maganin jiki, da kwantar da hankali, da neman haƙƙi a gaban shari'a, da kuma tallafa wa mutum ya koma karatunsa ko sana'arsa, bisa sharaɗin cewa wadda abin ya faɗa wa ita ke da ta cewa a kowane mataki, kuma ba a fallasa sirrinta. Asibitin Panzi da ke Bukavu a gabashin Kwango, wanda Dakta Denis Mukwege ya kafa a 1999, shi ya fi shahara da wannan tsari, kuma likitan ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018. A Nijar kuwa, Maradi tana cikin jihohi huɗu, tare da Damagaram da Tawa da Tilaberi, inda shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi aiki a kan wannan matsala daga 2019.

Maganin jiki shi ne ba ya jira. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar sida kama jiki, amma dole a fara shansa kafin awa 72 su cika, a kuma ci gaba da shi har kwana 28 ba fashi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa awa 120, wato kwana biyar. Bayan waɗannan akwai maganin cututtukan sanyi da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta sarƙe-haƙora idan an ji rauni. Ana so a je likita kafin a yi wanka, a kuma naɗe tufafin da ke jiki a cikin takarda maimakon leda, domin leda tana riƙe laima ta ɓata shaida. Amma wadda ta riga ta yi wanka kada ta ce zuwa ba shi da amfani, domin maganin yana nan yana jiranta.

A nan ne al'adarmu take yi mana cikas, kuma a ganina nan ne ya kamata mu fi tsayawa mu yi tunani. Yarinya mai talla ta dawo daga tasha da yamma, tafiyarta ta sauya, ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwo. Uwa ta gane, sai ta dafa ruwan zafi ta gasa ta, ta ja mata kunne kada kowa ya ji. Kashegari a kira kawu da baffa, jibi a je wurin mai unguwa, a yi ta kai da komo a kan sasanci da kuɗin da za a karɓa, har kwana uku su shige ba a taka ƙofar likita ba. Uwar nan ba mugunta ta yi ba, tsoron bakin mutane da tunanin auren ɗiyarta ne suka rufe mata ido. Sai dai irin wannan rufin asiri mai laifi yake karewa, ya bar shi ya nemi wata yarinyar. Ungozoma ko likita da ya san aikinsa yana duba yarinya a keɓe, ba ya kiran sunan matsalarta a gaban masu jiran layi, kuma riƙe sirrin maras lafiya wajibi ne a kansa.

Raunin da ke cikin zuciya ya fi na jiki daɗewa. Wadda aka zalunta takan yi ta firgita cikin barci, ta ga abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, ta guji hanyar da abin ya auku, ko ta yi shiru ta daina shiga mutane. Ƙaramin yaro kuwa yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina. A gidaje da yawa sai a ce iska ce ta taɓa ta. Addu'a tana sanyaya zuciya, babu mai musun haka, amma idan waɗannan alamu suka wuce wata guda suna hana ta rayuwa, tana bukatar ma'aikacin da ya koyi lafiyar ƙwaƙwalwa. Tambayoyin "me ya kai ki can?" da "don me ba ki yi ihu ba?" suna ƙara mata ciwo, alhali kuwa sananne ne cewa tsananin tsoro yana sandarar da jiki har murya ta ƙi fita. Abin da take bukatar ji daga bakin mahaifiyarta shi ne: "Ɗiyata, na yarda da maganarki, ba laifinki ba ne, tashi mu je likita." Yara maza ma ana yi musu wannan zalunci, kuma kunya ta fi rufe musu baki.

Ta fuskar shari'a, dokar hukunta laifuka ta Nijar, kamar yadda aka gyara ta a 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe, da shekara 15 zuwa 30 idan wanda aka yi wa bai kai shekara 13 ba. Ana kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma ko mai gabatar da ƙara, kuma takardar shaidar likita tana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimaka wa marasa hali da shawara da lauya. Babbar mace ita ke zaɓar ko za ta kai ƙara, kuma bai dace a ce sai ta kai sannan a yi mata magani ba. Yaro kuwa, kare shi nauyi ne a kan manya.

Kashi na ƙarshe shi ne a mayar da yarinya makaranta maimakon a yi mata auren gaggawa, ko a ba mace ɗan jari da koyon sana'a domin kada talauci ya tilasta mata zama kusa da wanda ya cuce ta, wanda sau da yawa ɗan gida ne ko maƙwabci. Wannan bukata ta fi tsanani ga matan da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019 suka sauka a yankin Gidan Rumji, waɗanda da yawansu suka baro gonaki da dukiyarsu.

Wadda abin ya faru da ita shekaru da suka wuce, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ita ma wannan kulawa ta shafe ta. Wa'adin maganin rigakafi ya wuce, amma za a iya yi mata gwajin jini, a magance ciwon mara ko sanyin da ya zauna mata, a kuma haɗa ta da wanda zai saurare ta. Tana iya farawa da ungozomar asibitin unguwarsu, ta nemi ganinta ita kaɗai.