Fina-finan Waƙa da Ake Ɗaukowa daga Dandamali da Hasashen Kyautar Oscar

Fim ɗin waƙa da aka ɗauko daga dandamali shi ne wanda aka gina a kan wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da raye-raye, wanda aka riga aka nuna wa jama'a ido da ido, galibi a gidajen wasa na Broadway da ke birnin New York ko na West End da ke Landan. A masana'antar fina-finan Amurka, irin wannan fim kan jawo hasashen lambobin yabo tun kafin a gama ɗaukarsa, domin yana zuwa ne da labarin da aka riga aka gwada, da waƙoƙin da mutane suka haddace, da masoyan da suka daɗe suna jira. Sai dai tarihin kyautar Oscar ya nuna cewa sunan da wasa ya yi a dandamali ba ya ba da tabbacin komai a gaban masu jefa ƙuri'a.

Tarihi

Shekarun 1960 su ne lokacin da wannan nau'i ya fi cin kasuwarsa. Cikin shekara takwas kacal, fina-finai huɗu da aka ɗauko daga dandamali suka lashe kyautar gwarzon fim: West Side Story na 1961, wanda ya kwashe kyaututtuka goma, da My Fair Lady na 1964 mai takwas, da The Sound of Music na 1965 mai biyar, sai Oliver! na 1968. Wannan nasara ta sa kamfanoni suka riƙa zuba maƙudan kuɗi a manyan fina-finan waƙa daidai lokacin da sha'awar 'yan kallo ta fara komawa wani wajen, kuma Hello, Dolly! na 1969 yana cikin waɗanda suka jawo wa kamfanin Fox asara. Cabaret na 1972 ya samu kyaututtuka takwas, har da ta gwarzon darakta ga Bob Fosse, amma The Godfather ne ya tafi da babbar kyautar. Daga Oliver! sai da aka yi shekara 34 kafin wani fim ɗin waƙa ya sake lashe ta, wato Chicago na 2002, wanda Rob Marshall ya ba da umarni, ya kuma samu kyaututtuka shida.

Yadda hasashe ke tasowa

Hasashe kan fara ne daga ranar da aka sanar da sunan darakta da na jarumai. Daga nan masu sharhi sukan sa ido kan watan da za a saki fim ɗin, domin kamfanin da ya ajiye fim ɗinsa zuwa Nuwamba ko Disamba yana nuna cewa takara ce a ransa, tun da fim ɗin zai kasance sabo a zukatan masu ƙuri'a lokacin zaɓe. Golden Globe, wata kyautar fina-finai da ake bayarwa kafin Oscar, tana da rukuni na dabam ga fina-finan waƙa da na barkwanci, abin da kan sa waɗannan fina-finai su fito da ƙarfi a farkon kakar ba da kyaututtuka, wani lokaci fiye da ƙarfin da suke da shi a zahiri. Waɗanda suka san harkar sun fi dogara da sakamakon ƙungiyoyin furodusoshi da na daraktoci da na 'yan wasa, da kuma kyautar fina-finai ta BAFTA ta Birtaniya, saboda da yawa daga mambobinsu su ne ke jefa ƙuri'ar Oscar.

Akwai wata ƙa'ida da take shafar yadda ake rubuta waɗannan fina-finai kai tsaye. Kyautar gwarzuwar waƙa ana ba da ita ne ga waƙar da aka tsara musamman domin fim, saboda haka duk shaharar waƙar da aka taso da ita daga dandamali, ba ta da hurumin shiga takara. Wannan ne ya sa masu shiryawa kan ƙara sabuwar waƙa ɗaya ko biyu. Dabarar ta yi wa Evita na 1996 rana, inda sabuwar waƙarsa ta lashe kyautar, amma Dreamgirls na 2006 ya shigar da sababbin waƙoƙi uku cikin takara kuma babu wadda ta ci. Shi dai Dreamgirls ya zama abin kwatance ga masu hasashe, domin shi ne ya fi kowane fim yawan shiga takara a shekararsa, da gurbi takwas, amma ba a sa shi cikin jerin masu neman gwarzon fim ba, duk da an shafe watanni ana cewa shi ne kan gaba.

Matsalar waƙa a gaban kyamara

Babban abin da ke raba mai nasara da mai faɗuwa shi ne yadda darakta ya warware matsala guda: a gidan wasa, mai kallo ya yarda tun daga ƙofa cewa mutum zai iya katse magana ya kama waƙa, amma kyamara tana matsowa kusa da fuska, tana nuna titi da ɗaki kamar na gaske, kuma a nan waƙar kan iya zama baƙuwa. Fosse ya mayar da kusan dukkan waƙoƙin Cabaret kan dandamalin gidan rawar da labarin ke gudana a cikinsa. Marshall ya sa yawancin waƙoƙin Chicago su zama abin da jarumar ke rayawa a zuciyarta. Tom Hooper kuwa, a Les Misérables na 2012, ya sa 'yan wasan suka rera waƙa kai tsaye lokacin ɗauka maimakon bin muryar da aka naɗa a situdiyo, kuma fim ɗin ya samu kyaututtuka uku. Wannan daraktan ne kuma ya yi Cats na 2019, wanda aka lulluɓe 'yan wasansa da gashin kyanwa na kwamfuta. Tun daga tallarsa ta farko jama'a suka mayar da shi abin dariya, har kamfanin Universal ya aika wa gidajen sinima gyararren kwafi bayan an fara nunawa, kuma bai shiga takarar Oscar ko a rukuni ɗaya ba, alhali wasan da aka ɗauko shi daga ciki yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a Broadway.

Zaɓen jarumai ma yana da nasa rikicin. A My Fair Lady, furodusa Jack Warner ya tsallake Julie Andrews, wadda ta fito a matsayin jarumar wasan a dandamali, ya ɗauki Audrey Hepburn, sannan aka sa Marni Nixon ta rera yawancin waƙoƙinta. Hepburn ba ta shiga takara ba, Andrews kuwa ta lashe kyautar gwarzuwar jaruma a wannan shekarar da fim ɗin Mary Poppins.

Rukunan da aka fi samun nasara

Idan aka dubi shekarun da suka biyo bayan 2000, rukunin mataimakiyar jaruma shi ne inda hasashe ya fi yawan zama gaskiya. Catherine Zeta-Jones ta ci da Chicago, Jennifer Hudson da Dreamgirls, Anne Hathaway da Les Misérables, sai Ariana DeBose da sabon West Side Story da Steven Spielberg ya yi a 2021, inda ta fito a matsayin Anita, rawar da Rita Moreno ta ci kyautar da ita shekara 60 kafin nan. Dalilin bai da wuyar ganewa, domin marubutan dandamali kan bai wa mace ta biyu a labari waƙa guda mai nauyi wadda 'yan kallo ke fita da ita a baki. Hatta The Color Purple na 2023, wanda aka yi masa dogon buri, gurbi ɗaya ya samu, kuma a wannan rukunin ne, ga Danielle Brooks.

Bayan wannan sai rukunan sana'a, kamar tufafi da tsara wuraren ɗauka da sauti. Wicked na 2024, wanda Jon M. Chu ya ɗauko daga wasan da aka buɗe a Broadway a 2003, ya tara sama da dala miliyan 700 a duniya, ya kuma shiga takara a rukuni goma, ciki har da gwarzon fim da gurbi ga Cynthia Erivo da Ariana Grande. A daren bikin na Maris 2025 kyaututtuka biyu ya samu, ta tsara wuraren ɗauka da ta tufafi, wadda Paul Tazewell ya karɓa a matsayin baƙar fata namiji na farko da ya lashe ta.