Yini ɗaya a tsibiri: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Duk wanda ya ji na sha shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa sai ya jero mini tambayoyi, kuma kullum su ne dai su ne. Na tara su nan don in huta. Magana ce a kan ranar da jirgi ke tsayawa a tsibiri, a sauke ku da safe, a kwashe ku da yamma.

Awa nawa ake ba mu a ƙasa?

Bai kai yadda kake zato ba. A ce jirgi ya iso ƙarfe 8, zai tashi ƙarfe 5. Kada ka ƙirga awa tara. Kafin hukumomin tsibirin su ba da izinin sauka, layi ya ragu, 9 ta yi. Galibi ana so kowa ya dawo rabin awa kafin tashi, wato 4:30, mai hankali kuwa 3:30 yana cikin tasha. Awa shida da rabi ke nan, har da zaman mota.

In na makara za a jira ni?

A'a.

Ko da minti goma ne?

Malam, na ce a'a. Kyaftin yakan ɗan yi kara wani lokaci, amma alfarma ce, ba haƙƙinka ba. Yana ɗauke da dubban mutane, wata tashar kuma tana jiransa gobe da safe. Idan aka gaji da kiran sunanka a lasifika, sau da yawa sai a buɗe ɗakinka a ɗauko fasfo a damƙa wa wakilin kamfanin da ke tashar. Daga nan kuɗin otal da na jirgin sama zuwa tasha ta gaba duk daga aljihunka. Lambar wakilin nan tana cikin takardar shirin yini da ake ba ku. Ka ɗauki hotonta kafin ka sauka.

Ai ina da agogo a waya, mene ne abin damuwa?

Wayar ce abin damuwar. Da ta kama layin tsibirin sai ta juya da kanta, alhali wasu jiragen suna nan a kan lokacin tashar da suka taso. Ɗauki tsibirin Kozumel na ƙasar Meziko: daga Maris zuwa farkon Nuwamba, jihar Fulorida ta Amurka tana gabansa da awa ɗaya. In jirginka daga Fulorida ya taso kuma bai sauya agogo ba, wayarka za ta ce 3:30, kana zaune kana kaɗa ƙafa a ruwa, jirgi kuwa 4:30 yake gani. Ɗaura agogon hannu, ka daidaita shi da na jirgi a bakin ƙofar fita.

In sayi yawon da jirgi ke shiryawa ne, ko in fita da kaina?

Wannan ce kaɗai tambayar da ba zan amsa da kalma ɗaya ba. Na jirgi ya fi tsada, wani lokaci nesa ba kusa ba, kuma za a zuba ku cikin bas, a ba ku minti ashirin a inda kake son awa biyu, a ba ku awa guda a shagon tsaraba da ba ka nema ba. Abin da kake saye a zahiri shi ne kwanciyar hankali: in motarsu ta makara, jirgi zai jira, in kuma jiran bai yiwu ba, kamfanin ne zai san yadda zai kai ku tasha ta gaba. To amma ba kullum ne wannan ya cancanci kuɗinsa ba. Idan bakin tekun da kake so tafiyar minti goma sha biyar ce daga tasha, ɗauki tasi abinka, ku gama ciniki kafin ka shiga, ka tabbatar kuɗin na mota ne ko na kowane kai, zuwa ne kaɗai ko har da dawowa.

Inda nake jan kunne shi ne duk tafiyar da ta haɗa da tsallake wani ruwan. Masu zuwa kufan Tulum daga Kozumel sai sun shiga jirgin fito na wajen minti 45 zuwa Playa del Carmen, sannan mota kusan awa ɗaya, su kuma sake yin haka a dawowa. Jirgin fito ɗaya ya kuɓuce maka, lissafi ya rushe. Wannan kam bi yawon da babban jirgi ya shirya. Haka tsibirin da babban jirgi ba ya raɓar gaɓa, irin Grand Cayman, inda yake tsayawa can cikin ruwa ana jigilar mutane da ƙananan jirage. A nan masu tikitin yawon jirgi aka saba fara saukewa, kai mai zaman kanka sai ka karɓi lamba ka jira, ƙaramin jirgi na ƙarshe kuma da wuri yake barin gaɓa. Sannan ka duba jirage nawa ne suka tsaya a ranar. Ƙaramin tsibiri mai hanya ɗaya ta bakin teku, in jirage huɗu ko biyar suka juye mutanensu a kai, tafiyar minti ashirin da safe tana iya zama ta awa guda da yamma. Akwai kamfanonin tsibiri masu kirki da ke yin alkawarin dawo da kai a kan kari, da yawa kuma suna cikawa, sai dai alkawarinsu bai ɗaure kyaftin ba. Ni dai abin da nake yi: wuri mai nisa da safe, na kusa da tasha da rana. In kuma karo na farko ne, ko kana tare da yara ko tsofaffi, biya kuɗin ka huta.

Wurare nawa zan iya gani?

Biyu. Ɗaya ma ya isa. Ba a tauna taura biyu lokaci guda, balle biyar.

Ko'ina ana iya shiga ruwa?

Haba! Dubi Barbados: yammacinta ruwa ne kwance luf, gabashinta kuwa, wajen Bathsheba, tekun Atilantika ne ke dukan duwatsu. Can wurin ɗaukar hoto ne. Jar tuta na nufin kada a shiga. In ka ji ruwa yana janka ciki, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ka fita daga hanyarsa.

Ban iya iyo ba, zuwana banza ne?

Ko kaɗan, Hajiya, kwantar da hankalinki. Akwai ƙananan jirage masu gindin gilashi, kina zaune kina kallon kifi da murjani a ƙarƙashin ƙafarki, ko gefen zanenki ba zai jiƙe ba.

Wai akwai inda jirgin sama ke wucewa dab da kan mutane?

Bakin tekun Maho ne a tsibirin Sint Maarten, dab da filin jirgin sama. Kalli masu sauka, amma kada ka riƙe shingen filin a bayan mai tashi. Iskar injinsa ta yi ajalin wata mata a 2017.

Ba wanda ya taɓa tambayata wannan, amma ga shi: a bakin tekunan Karibiyan akwai bishiyar manchineel, 'ya'yanta kamar ƙananan tuffa kore, dafi ne tsantsa. Ko fakewa ka yi ƙarƙashinta ana ruwan sama, ɗigon zai sa fatarka ta yi bororo. A wurare da yawa ana shafa wa gindinta jan fenti.

Zan iya ɓallo ɗan murjani in yi tsaraba?

Kul! Halitta ce mai rai, ko taka ta ba a yi, kuma kwastan na iya ƙwacewa. Hatta man kare fata daga rana sai ka duba: tun 2021 Hawai ta hana sayar da mai sinadarin oxybenzone saboda murjani.

Me ya sa aka soke tsayawarmu a wani tsibiri?

Iska ko igiyar ruwa. Lokacin guguwar Atilantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma takardar da ka amince da ita ba ka karanta ba ta ba su damar sauya hanya.

Me zan riƙe?

Katin shiga jirgi, shaida mai hoto, ruwan sha, hula, ƙananan kuɗi. 'Ya'yan itacen da ka ɗebo a wurin karin kumallo kuma ka bar su a ɗaki, yawancin tashoshi ba sa bari a sauka da su.