Noun clause: gangar da ke zama a mazaunin suna a jimlar Turanci

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC ko NECO ya san tambayar nan da ke fitowa a ɓangaren karatu da fahimta. Za a tsamo wasu kalmomi daga cikin labarin, a tambayi sunansu a nahawu, sannan a tambayi aikin da suke yi a jimlar. Makin ba shi da yawa, amma ɗalibai da dama suna zubar da shi, kuma yawanci dalilin ɗaya ne: an saba musu da duba kalmar farko su yanke hukunci. In sun ga "when" sai su rubuta adverbial clause, in sun ga "who" ko "that" sai su rubuta adjectival clause. Wannan hanya tana yaudara ƙwarai. A nahawun Turanci aikin da ganga take yi shi ke ba ta suna, kuma babu inda hakan ya fi fitowa fili kamar a noun clause.

Ganga, wato clause, rukunin kalmomi ne da ke da aikau (subject) da aikatau (verb) nasa na kansa. Wata tsayayya ce, tana iya zama jimla ita kaɗai, kamar "Audu passed the exam". Wata kuma dogarau ce, sai ta jingina da wata kafin magana ta cika. Da ka ce "that Audu passed the exam" ka yi shiru, mai sauraro zai tsaya yana jiran saura. To, noun clause ganga ce dogarau wadda ta zauna daidai inda suna, wato noun, zai zauna, tana yin aikin da suna zai yi. Wasu littattafan suna kiranta nominal clause, abu ɗaya ne. Kamar hakimi ne ya yi tafiya ya bar wakili: duk abin da ya shafi wannan kujera a ranar, wakilin ne ke ɗauke da shi.

Dubi waɗannan jimloli biyu. "His answer surprised us." "What he said surprised us." A ta farko abin da ya ba mu mamaki suna ne, "his answer". A ta biyu kalmomi uku ne, "what he said", masu aikau da aikatau nasu, amma sun taru sun cike gurbi ɗaya. Daga nan ne ake samun gwajin da ya fi kowanne amfani. Ka cire gangar gaba ɗaya, ka sa "it" ko "something" a madadinta, ko "someone" in mutum ake nufi. In jimlar ta tsaya da ƙafarta, "It surprised us", to noun clause ce. In ta wargaje, yawanci wata ganga ce daban. Ina ganin da za a koya wa yaro wannan gwaji tun yana aji ɗaya na babbar sakandare, da ya fi masa alheri a kan haddar jerin kalmomin da ake cewa suna buɗe noun clause.

Kalmomin dai sanannu ne: that, whether, if, da kalmomin tambaya irin su what, who, where, when, why, how, sai kuma whatever da whoever da 'yan'uwansu. Sai dai mafi yawansu suna buɗe wasu gangunan ma. Ɗauki "when he arrived". A "I know when he arrived" karɓau (object) ce ta aikatau "know", kana iya cewa "I know it", saboda haka noun clause ce. A "I remember the day when he arrived" tana bayyana wace rana ake nufi, ta zama adjectival clause. A "We stood up when he arrived" tana faɗin lokacin da aka miƙe, ta zama adverbial clause. Kalmomin ba su sauya ko da harafi ɗaya ba, amma amsa uku ce daban-daban.

Ayyukan da take yi su ne ayyukan suna. Wanda aka fi gamuwa da shi shi ne karɓau bayan aikatau na faɗa ko sani ko tunani, irin su say, know, think, believe, ask: "Binta said that the market was closed." Tana zama aikau a farkon jimla, kamar yadda muka gani, kuma a nan aikatau yakan ɗauki siffar tilo: "What the farmers need is rain." Tana zuwa bayan is ko was ta cike bayanin aikau, abin da ake kira complement: "The problem is that we have no light." Tana biyo bayan ƙananan kalmomin nan da ake ce wa preposition, irin su about, on, of: "We talked about what happened." Akwai wasu ayyukan da ba a cika gani ba, kamar a "Give whoever comes first the prize", inda gangar ke nuna wanda za a bai wa kyautar. Wanda ya kama na farkon nan huɗu, sauran ba za su ba shi wahala ba.

A jarrabawa kada ka tsaya a rabin amsa. In ka rubuta "noun clause" a kashi na farko, a na biyu "subject" kawai bai wadatar ba. Ka faɗi aikatau ɗin da take wa aiki: subject of the verb "surprised", ko object of the verb "said", ko object of the preposition "about". Ambaton wannan kalmar shi ke nuna ka karanta jimlar, ba cinke ka yi ba.

Wurin da ya fi rikita mutane, har da wasu masu koyarwa, shi ne inda "that" ta biyo bayan suna. "The news that he won surprised us." "The news that he brought surprised us." A ido kamar tagwaye. Amma a ta farko gangar ita ce labarin kansa: mene ne labarin? Ya yi nasara. Wannan noun clause ce da ke zaune kusa da sunan tana fayyace abin da ya ƙunsa, shi ake kira apposition. A ta biyu ba a gaya mana abin da labarin ya ƙunsa ba, an dai nuna mana wane labari ne, wanda ya kawo. Wannan adjectival clause ce. Hanya mai sauƙi ta rabe su ita ce ka gwada sa "which" a wurin "that". "The news which he brought" daidai ne. "The news which he won" kuwa ta lalata ma'anar, domin ba labarin ya ci ba. Ka kuma lura "he won" magana ce cikakkiya, ita kuwa "he brought" tana da giɓi, ana jiran a ji me ya kawo. Sunayen da ke jawo irin wannan noun clause ba su da yawa: fact, news, idea, belief, rumour, hope, da makamantansu. Mai jin Hausa ma yana da sa'a a nan, domin harshensa ya riga ya raba su. Ta farko "labarin cewa ya yi nasara" ce, ta biyu "labarin da ya kawo". Inda Hausa za ta sa "cewa", kusan kullum noun clause ce a Turanci.

Sai kuma dokar da aka fi karyawa a magana da rubutu, wato tsarin kalmomi a cikin gangar. A Turanci tambaya kai tsaye tana juya tsari: "Where does he live?" "What is your name?" Amma da zarar tambayar ta shiga cikin wata jimla ta zama noun clause, sai ta koma tsarin magana ta yau da kullum, aikau a gaba, aikatau a baya, kuma do, does da did na tambaya su fita. Daidai shi ne "I don't know where he lives", kuskure ne a ce "I don't know where does he live". Haka nan "Tell me what your name is". Ko da babbar jimlar tambaya ce, gangar da ke cikinta ba ta juyawa: "Can you tell me where the bank is?"

Akwai dalilin da ya sa wannan ke mana wuya. A Hausa kalmar tambayar ce ke sauyawa. "Ina ya tafi?" sai ta koma "Ban san inda ya tafi ba." "Me ya ce?" ta koma "Na ji abin da ya ce." Wa ya zama wanda, yaya ta zama yadda, yaushe ta zama lokacin da, sauran kalmomin kuwa suna nan a jerensu. Turanci ya bar kalmar tambayar yadda take, ya sauya jeren abin da ke biye da ita. Bahaushe da ya ga "where" ba ta sauya ba sai ya ɗauka babu abin da ya sauya, ya kwaso tambayar ɗungurungum ya dasa. Wanda ya gane wannan bambanci zai riƙa kama kansa kafin alƙalami ya sauka.

Game da "that", ana iya barinta idan gangar karɓau ce. "I think she is right" da "I think that she is right" duk daidai ne, kuma a ta farkon ma noun clause tana nan, ko da ba a ga kalmar da ke buɗe ta ba. Ɗalibai sukan rasa ta a irin wannan wuri. In gangar aikau ce a farkon jimla, dole "that" ta tsaya: "That he lied is clear." Turawa ba su cika son fara jimla da nauyi haka ba, sai su sa "it" a gaba su tura gangar ƙarshe: "It is clear that he lied." Ma'ana ɗaya ce, kuma ta biyun ce za ka fi ji a bakinsu. Wani abin kiyayewa shi ne preposition ba ta ɗaukar "that" kai tsaye, in ban da 'yan wurare kamar "except that" da "in that". Ba a cewa "He complained about that he was not paid". Sai dai a ce "about the fact that he was not paid", ko a yar da "about" ɗin gaba ɗaya.

"Whether" da "if" duka suna ɗauke da ma'anar "ko", kuma bayan aikatau irin su ask da know kowacce ta yi: "She asked if I was ready." Amma bayan preposition "whether" ce kaɗai: "It depends on whether it rains." A farkon jimla ma ita ce: "Whether he will come is doubtful." Haka in "or not" za ta biyo nan take. Kada a haɗa wannan "if" da ta sharaɗi. A "If it rains, we will plant" sharaɗi aka gindaya, kuma gwajin "it" ba zai yi aiki a kanta ba, don haka adverbial clause ce.

Lokacin aikatau ma yana da ƙa'ida. In aikatau na babbar jimla shuɗaɗɗe ne, na cikin gangar yakan ja baya shi ma. Mutum ya ce "I am tired", mai ba da labari ya ce "He said that he was tired." In abin gaskiya ce da ba ta sauyawa, ana iya barinsa yadda yake: "The teacher said that the sun rises in the east." Bayan aikatau na nema ko ba da shawara, kamar suggest, insist, demand da recommend, akwai tsari na musamman da ke bayyana a wasiƙun ofis. A Amurka an fi cewa "I suggest that he go", ba tare da "s" ba, a Ingila kuma sau da yawa za ka ga "I suggest that he should go". Dukansu karɓaɓɓu ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne "I suggest him to go", wanda ya zama ruwan dare a rubutun ɗalibai, domin suggest ba ta bin tsarin da advise da tell suke bi.