Ku daina ce wa mai jego ta ajiye zarenta

Ranar rigakafi, idan benci ya cika, ina duban jarirai, amma idona ya fi tsayawa a kan iyayensu. Akwai wata fuska da na gaji da gani a nan cikin garin Katsina: yaro ya yi ɓul-ɓul, nauyinsa daidai a kati, uwar kuwa zaune kamar an zare mata laka. In na ce, "Maman jariri, ya ƙarfin jiki?" sai ta ce lafiya lau. In na ce, "Ina hular nan da kike ɗinkawa kina bin layin awo?" sai ta sunkuyar da kai. "An ce in ajiye."

Wa ya ce? Uwar miji, ko maigida, ko wata gwaggo da ta zo barka ta kwana biyu ta tafi. Kalmar ɗaya ce kullum: "Ai yanzu ke uwa ce." Wallahi na ji ta har ta ishe ni.

Ba ni da rigima da zaman arba'in. Jiki ya sha wuya, ta huta, a dafa mata, a ɗauke mata wanki. (Tafasasshen ruwan wanka da kanwar da ake zabgawa a kunu, wannan faɗan wata rana ne.) Abin da ke ƙona min rai shi ne bayan arba'in. Yaro ya yi wata shida, an fara ba shi kunu, ya yi wata tara, an kawo shi allurar ƙyanda, keken ɗinkin yana nan a lungu an lulluɓe shi da tsohon zane. Na san wadda amare ke layi a ƙofarta saboda zanen lalle, yanzu ko a tafin hannunta ba ta sawa. Na san wadda ke rubuta labari a littafin makaranta, an ce rubutun banza zai sa ta bar yaro yana kuka. Wata kuma an cire ta daga Islamiyya tana dab da sauka. Duk an ce su ajiye, kuma babu wanda ya faɗa masu ranar ɗauka.

Inna, da ke nake, cikin girmamawa. Ke da kanki ba da goyo a baya kika yi kaɗi ba? Ba da yaro a cinya kika saƙa faifai kika ɗinka hula ba? Waƙar reno da kike yi wa jikanki yau, a ina kika ƙirƙiro ta in ba a wancan zaman ba? Babu wanda ya ƙwace maki mazari, kuma 'ya'yanki sun girma lafiya, ga ɗaya nan har ya yi aure. Me ya sa na surukarki za a ƙwace?

Maigida kuma, tun da aka yi suna ban ji ka fasa zuwa majalisa bayan isha'i ba, ban ji ka fasa kallon ƙwallo ba. Ba na hana ka. Amma wadda ta yini daga wanki sai shayarwa, ta tashi sau uku cikin dare, in ta ɗauki allura da zare na rabin awa sai ka ce ba ta da aikin yi? Haba malam. Na san kai ma hidimar ta danne ka, akwai waɗanda suka bar karatun dare da suke so saboda neman na pampas. Kai ma ka koma. Amma ka fara da riƙe mata yaron.

Kuka ba dalili da saurin fushi a kwanakin farko na haihuwa abu ne da aka saba gani, yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, abinci ba ya shiga, abin da take so a da ya fita ranta, to ciwon damuwar bayan haihuwa muke zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 20 cikin 100 na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi wannan damuwar. Ba raini ba ne, ba kuma iska ba. Ban ce ɗinkin hula magani ne ba, kada a je a ce ni na faɗa. Amma mace tana cikin wannan hali ku ɗauke abu ɗaya tak da take yi don kanta, me kuke tsammani? Kuma ta yaya za ku gane abin ya fita ranta, tun da ku kuka hana ta?

Ke ma ƙanwata, ki daina jiran yaro ya yi wayo. Kafin ya yi, wani cikin ya shigo. Hannunki zai yi tsami, ɗinkin farko zai karkace, ba komai. Wataƙila ma ki tarar abin da kike so ya canza, da lalle ne yanzu saƙa ce. Ki bi shi.

A taƙaice, don layi na jirana: minti ashirin a rana ya isa farawa. Kayan aikin su fito fili inda ido zai gan su. Allura, almakashi da duwatsun ado a sa su cikin gwangwani mai murfi, nesa da mai rarrafe. In barci ne ya fi ƙarfinki, ki yi barcin. Wani ya riƙe yaro, a sa lokaci, kada a bari sai an ga dama. In kuwa ta ce ta gaji da rayuwa, ko tana jin za ta cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, kada a jira gari ya waye, a kawo ta asibiti.

Ranar da za ki dawo da yaro allurar sati goma, ki zo min da kati, ki zo min da hular ko da rabi kika kai. Zan tambaya.