Taswirar buƙatu da tsarin zirga-zirga a manhaja

Taswirar buƙatu aiki ne da masu ƙera manhaja ke yi tun kafin a zana shafi ko ɗaya. Sukan fara gano wanda zai riƙe manhajar da abin da ya kawo shi, sannan su shata hanyar da zai bi daga buɗe ta har buƙatarsa ta biya. Wannan hanya ita ce tsarin zirga-zirga. A 2002 Jesse James Garrett, masani a wannan fanni, ya kasa aikin ƙirar gaba ɗaya zuwa hawa biyar: manufa, iyakar abin da za a saka, tsari, ƙwarangwal (wato gurbin kowane abu a shafi), sai fuska a ƙarshe. Launi da ado suna hawan ƙarshe ne, kuma manhajar da aka fara ta daga nan kan wahalar da mutane.

Ana gano buƙata ta hanyar hira da mutane da kuma zama a kalli yadda suke aiki. Kallon ya fi hirar amfani, domin abin da mutum ya ce yana yi daban, abin da hannunsa ke yi daban. Daga bayanan da aka tara akan siffanta mutum ɗaya na ƙirƙira da zai wakilci wani rukuni, dabarar da mai ƙera manhaja Alan Cooper ya yaɗa a 1999. Sai a bi sawun tafiyarsa mataki-mataki. A manhajar asibiti, alal misali, majinyacin da ke son ɗage ranar ganin likita zai nemi ranar da aka ba shi, ya duba waɗanda suka rage, ya zaɓa, ya jira tabbaci. Duk inda zai iya tsayawa yana tunanin "to, yanzu ina zan danna?" ana sa masa alama a taswirar.

Wajen jera abubuwa akan yi kuskure, don kamfani yakan tsara manhaja yadda ofisoshinsa suke, alhali mai amfani bai san su ba. Maganin wannan shi ne gwajin kati. Ana rubuta kowane aiki a katinsa, a baje su a tebur, a ce wa mutum ya haɗa waɗanda yake ganin danginsu ɗaya, ya raɗa wa kowane tuli suna. Idan mutane da yawa suka ajiye "sakamakon gwajin jini" kusa da "saƙon likita", to can ne gurbinsa, ko da sassa biyu ne ke kula da su.

Manyan sassan manhaja akan jera su a ƙasan allon waya, inda babban yatsa ke kaiwa. Ƙa'idar zane ta Google ta ce a saka guda uku zuwa biyar. Sauran kan shige bayan alamar nan mai layuka uku, wadda Norm Cox ya zana wa kwamfutar Xerox Star ta 1981. Tana rage cunkoso, amma abin da aka ɓoye a bayanta ba kasafai ake nemansa ba, don haka bai kamata aikin kullum ya kwana a ciki ba.

Kafin a fara gina manhajar, ana gwada tsarin ko da a zanen takarda ne. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a 2000 cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Wannan lissafi na rukuni ɗaya ne. Idan manhajar ta haɗa majinyata da likitoci, kowane ɓangare sai an gwada shi daban.