Me ya sa kankana ke tasowa, tsakuwa kuma ta nutse? Tambayoyi da amsoshi kan koya wa yara

Darasin abin da ke nutsewa a ruwa da abin da ke tsayawa a samansa yana cikin darussan kimiyya na farko da yaro ke cin karo da su, ko a gida ko a firamare. Ba ya cin kuɗi, baho ɗaya da ruwa sun wadatar. Sai dai darasi ne da mu manya muke saurin ɓatawa da amsa guda mai daɗin faɗa wadda ba daidai ba ce. Ga wasu daga tambayoyin da iyaye da malamai kan yi.

Ba sai kawai a ce wa yaro abu mai nauyi yana nutsewa, mara nauyi kuma yana tasowa ba?

A'a, kuma ina roƙon a daina faɗa wa yara haka. Ku ɗauko kankana guda da 'yar tsakuwa wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Ku ba yaro ya ɗaga kowacce, zai gaya muku da bakinsa cewa kankana ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Ku saka su a baho. Kankana za ta tsaya tana lilo a sama, tsakuwa ta wuce ƙasa kai tsaye. Ƙa'idar da aka ba shi ta rushe a gaban idonsa.

Yara da kansu suke zuwa da wannan tunani, ba sai an koya musu ba. Masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, Jan Fiyaje, ya yi ta tambayar yara kan wannan batu, ya ga ƙanana sukan ba da dalilai masu karo da juna ba tare da sun damu ba. Wannan ya nutse don yana da girma, wancan kuma ya taso don shi ma yana da girma. Aikin malami shi ne ya kawo kayan da za su sa yaro ya lura da karon da kansa. In aka tabbatar masa da kuskuren tun yana ƙarami, cire shi daga baya wahala ne.

To mene ne ainihin dalilin?

Abu biyu ne ke ja-in-ja. Nauyin abu yana jan sa ƙasa, ruwa kuma yana tura shi sama. Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture wani ruwan gefe kafin ya sami wurin zama, shi ya sa ruwan baho ke hawa idan aka zaunar da jariri a ciki. Ƙarfin da ruwa ke tura abu sama da shi daidai yake da nauyin ruwan da abin ya ture. In abu ya iya ture ruwan da ya kai nauyinsa tun bai gama shigewa ba, sai ya tsaya a nan. In ya shige gaba ɗaya amma ruwan da ya ture bai kai nauyinsa ba, ƙasa zai yi.

Saboda haka abin dubawa shi ne nauyin abu gwargwadon girmansa, a gwada shi da ruwa mai girma ɗaya da shi. Lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kilo 1. Dunƙulen ƙarfe mai girman lita ɗaya ya kusa kilo 8, zinari kuwa ya haura kilo 19. Lita ɗaya ta man gyaɗa ba ta cika kilo ba, wajen giram 920 take, ƙanƙara ma kusan haka. Shi ya sa mai ke kwanciya a saman miya, ƙanƙara kuma ke yawo a saman zoɓo da kusan kashi tara cikin goma na jikinta a cikin ruwa.

Waɗannan alƙaluma na babba ne, don ya riƙe a ransa. Ɗan shekara biyar ba ya bukatarsu. Abin da zai iya kamawa shi ne jimla irin wannan: "Wannan ƙarami ne amma yana da nauyi, wancan babba ne amma sakayau yake."

Ta yaya za a sa yaro ya yarda cewa ruwa yana tura abu sama, alhali ba ya gani?

Ya ji da hannunsa. A ganina wannan shi ne zuciyar darasin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ku ba shi gorar roba wadda babu komai a ciki, a rufe bakinta gam, ku ce ya danna ta har ƙasan bokiti. Zai ji tana gardama, in ya saki ta yi tsalle ta fito. Ku tambaye shi, wa ya turo ta? Ku ba shi babbar gora bayan ƙarama, zai ji babbar ta fi wuyar dannawa, domin ta fi ture ruwa mai yawa.

Bayan nan sai a nuna masa cewa har abin da ke nutsewa ma ruwa yana tura shi, ƙarfin turin ne bai isa ba. A ɗaure dutse da zaren roba mai talewa, a riƙe shi a iska, yaro ya ga yadda robar ta miƙe. A hankali a sauke dutsen cikin ruwa ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Robar za ta ɗan koma. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san wannan a jikinsa: guga ba ta da nauyi muddin tana cikin ruwa, sai ta fito fili hannu ke jin ta.

Wane kaya za a tara, kuma yaya za a tafiyar da darasin?

Kayan gida sun isa: ƙusa, cokalin ƙarfe, ludayi, muciya, tsakuwa, kara, murfin kwalba, gyaɗa mai ɓawo, albasa, dankalin turawa, lemon zaƙi, kyandir, makulli. A tabbatar akwai babba mai tasowa da ƙarami mai nutsewa, in ba haka ba kayan da kansu za su ƙarfafa kuskuren da ake son gyarawa.

Kada a fara jefawa. A ba yaro abu ya juya shi a hannu, ya faɗi abin da yake zato, a ware kayan kashi biyu a kan tabarma, na "zai nutse" da na "zai taso". Sai an gama hasashe sannan a gwada ɗaya bayan ɗaya. Idan zatonsa bai yi daidai ba, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi saurin ba shi amsa. A ce, "To, me kake gani ya sa?" a ɗan yi shiru. Yaran da aka saba yi wa tsawa in sun yi kuskure sukan ƙi yin hasashe sam, su jira malam ya faɗa su maimaita. Irin wannan aji sai an yi haƙuri, malam ya nuna cewa wanda zatonsa ya kuskure ma ya taimaki kowa.

Uwa kuwa tana da dama kullum a madafa. Wajen wanke gero dusa na tasowa, wajen regen shinkafa tsakuwa na kwanciya a ƙasan ƙwarya, waken da ƙwari suka huda ya taso ya bar mai kyau. Ɗanwake kansa darasi ne: ana jefa shi ya nutse, in ya fara nuna ya kumbura ya taso. Yaro ya kalli wannan daga nesa da tukunya.

Idan ƙarfe na nutsewa, me ya sa jirgin ruwa na ƙarfe ba ya nutsewa?

Wannan tambaya ce da yara masu lura kan yi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ku ɗauko gwangwanin madara biyu da aka gama da su. Ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya kuma babba ya buɗe shi ya daddake shi ya zama falle. Ƙarfe ɗaya ne, nauyi kusan ɗaya. Fallen zai nutse, mai ciki zai tsaya. Bambancin shi ne mai cikin yana ture ruwa mai yawa saboda faɗinsa, alhali mafi yawan cikinsa iska ce. In aka haɗa ƙarfen da iskar da ke ciki aka gwada su da ruwa mai wannan girman, ruwan ya fi su nauyi. (Bakin gwangwani yana yanka, don haka babba ne zai riƙe, ko a yi amfani da ƙaramin kwanon sha a madadinsa.)

Daga nan sai wasan da yara suka fi so. A ɗora kwano a kan ruwa, su riƙa saka tsakuwa ɗai-ɗai suna ƙirgawa. Za su ga kwanon yana ƙara zama cikin ruwa da kowace tsakuwa, har ruwa ya kai baki, ya kwararo ciki, kwano ya tafi ƙasa. A sake da kwano mai faɗi, a ga wanne ya fi ɗauka.

Wannan wasa ba na banza ba ne. A Ingila, wani ɗan majalisa mai suna Samuwel Filimsol ya yi ta fafutuka saboda jiragen da ake cika wa kaya fiye da kima suna hallaka matuƙa, har aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi wanda ke nuna iyakar lodinsa. Har yau manyan jirage na ɗauke da wannan alama. A kogunanmu kuwa, kusan kowace damina sai an ji labarin kwalekwalen da ya kife da mutane, kuma lodi fiye da kima na cikin dalilan da aka fi ambata. Yaron da ya ga kwanonsa ya nutse da tsakuwa ɗaya tak da ta ƙaru, ya fahimci abin da ake nufi da an cika jirgi.

Ke nan iska ce ke sa abu ya taso?

Sau da yawa tana da hannu, amma ba ita ce ƙa'idar ba. Masunta a bikin kamun kifi na Argungu suna kifa ciki a kan babban gora su yi ta yawo a ruwa, iskar da ke cikin goran ce ke ɗauke da su. Lemon zaƙi da ɓawonsa yana tasowa, in aka ɓare shi tas yakan nutse, duk da cewa an rage masa nauyi, domin ɓawon cike yake da 'yan ƙananan ramukan iska. Rigar ceto ma haka take aiki, tana ƙara wa mutum girma ba tare da ta ƙara masa nauyin kirki ba. Ƙwan da ya daɗe yana tasowa ne saboda ruwan cikinsa na raguwa ta ɓawo, iska na maye gurbinsa, shi ya sa masu sayen ƙwan zabi ke gwada shi a ruwa.

Amma ku zuba man gyaɗa a kofin ruwa, ko ku jefa guntun kyandir. Duk suna tasowa ba don wata iska da aka rufe a cikinsu ba. In yaro ya ce "iska ce", a yaba masa, sannan a kawo masa man ya yi tunani a kai.

Shin yawan ruwan ko zurfinsa yana canza wani abu?

Zurfi ba ya canza komai muddin ruwan ya isa abin ya tashi daga ƙasa. Ƙusar da ta nutse a kofi za ta nutse a kogi, karan da ya taso a kogi zai taso a bokiti. Yara da yawa suna zaton ruwa mai yawa ya fi ƙarfin ɗauka, gwaji a kofi da baho yana warware wannan.

Abin da ke canza lamari shi ne irin ruwan. A saka sabon ƙwai a kofin ruwa, zai kwanta a ƙasa. A riƙa zuba gishiri cokali-cokali ana motsawa har ya narke, sannu a hankali ƙwan zai ɗago ya taso. Ƙwan bai canza ba, ruwan ne ya ƙara nauyi. Tekun Gishiri da ke tsakanin Jodan da Falasɗinu da Isra'ila yana da gishirin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na ruwansa, lita ɗaya tana kai kusan kilo 1.24, shi ya sa mutum ke kwanciya a samansa ba tare da ya iya iyo ba.

Wa ya fara gano wannan ƙa'ida, kuma ya dace a ba yara labarinsa?

Ana danganta ta ga Arkimidis, masanin lissafi Bagirke da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin da ya shahara shi ne sarkin garin ya yi zargin maƙeri ya surka masa zinarin kambinsa da azurfa, Arkimidis kuma ya gano hanyar tantancewa da ya ga ruwa ya hau lokacin da ya shiga wanka. An rubuta wannan labari ne shekaru kusan 200 bayan mutuwarsa, don haka a ba da shi a matsayin labari. Ya fi amfani ga 'yan aji huɗu zuwa sama, kuma bayan sun yi gwaji da hannunsu.

Na ga allura ta tsaya a saman ruwa. Wannan bai karya ƙa'idar ba?

Bai karya ba, wani dalili ne daban. Fuskar ruwa tana da ɗan ɗauri da ke iya riƙe abu siriri idan aka ɗora shi a hankali. A taɓa allurar da yatsa ko a ɗiga ruwan sabulu, nan take za ta nutse. Ga ƙananan yara gara a bar wannan zuwa wata rana, kuma a saba musu da danna kowane abu ƙarƙashin ruwa sannan a saki, a ga ko zai dawo sama.

Daga shekara nawa za a fara, kuma me za a kiyaye?

Ɗan shekara uku zai iya hasashe da warewa. Daga biyar zuwa bakwai sai a shigo da turin ruwa da wasan kwano. Awo da lissafi su jira ƙarshen firamare. A aji mai cunkoso, a raba yara rukuni-rukuni a fita tsakar makaranta, ko a sami bokitin roba mai haske wanda na baya ma za su hangi abin da ke faruwa a ciki.

Batun kiyayewa kuwa ba na wasa ba ne. Nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a duniya, kuma ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa ya hallaka yaro mai rarrafe idan ya faɗa da fuska. Kada babba ya juya baya ko na ɗan lokaci, ko da waya ce ta yi ƙara. Kada a yi darasin a bakin rijiya, kududdufi ko rafi. A nisantar da tsakuwa da murfin kwalba daga masu kai komai baki. Da an gama a zubar da ruwan a kife bahon, a kuma gaya wa yara ƙarara cewa gora ko jarka ba abin shiga kududdufi da su ba ne.